Ka Gama Kallon Fim, Yanzu Yaya Za Ka Faɗi Ra'ayinka?

Duk wanda ya taɓa zama a majalisa washegarin fitowar sabon fim ya san yadda hirar take tafiya. Wani ya ce, "Kai, fim ɗin nan ya haɗu!" Wani ya yamutsa fuska ya ce, "Shirme ne, asarar data kawai na yi." Ka tambayi kowannensu dalili, na farko zai ce ai jarumin gwaninsa ne, na biyu kuma ya ce shi dai bai yi masa ba. Daga nan hira ta bar fim, ta koma musun wane jarumi ya fi wane kuɗi da farin jini, har mai shayi ya fara kwashe kofuna.

Ba rashin ido ne ya jawo haka ba. Tun 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, muke kallon fim ɗin Hausa na bidiyo, kuma kafin nan iyayenmu sun sha cika silimu irin su Plaza da El Dorado da Orion suna kallon Indiya. Mujallar Fim ma tun 1999 take kawo labarin masana'antar. Idon kallo muna da shi. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne iya nuna wurin: a wace fitowa ce, wato wane yanki nasa, fim ɗin ya kama ka, a wace ce ya sake ka, kuma aikin wa ne. Wannan jagorar a kan haka take, ko a baki za ka faɗi ra'ayinka, ko a rubuce, ko a gaban kyamarar wayarka.

Mataki na farko: ka kalla da niyyar za ka yi magana

Ka kai ƙarshen fim ɗin. Abin kamar bai kai a faɗa ba, amma da yawa daga cikin masu zafin ra'ayi tirela, wato ɗan tallan fim ɗin, kawai suka gani, ko wani guntun minti ɗaya da ke yawo a TikTok. Idan ka kasa ƙarasawa don ya gundure ka, wannan ma ra'ayi ne, sai dai ka faɗi gaskiya: "Na tsaya a minti na 40." Mai sauraronka zai san ma'aunin da zai ɗora maganarka a kai.

Ka ajiye takarda da biro kusa, ko ka buɗe wurin rubutu a waya. Ba dogon bayani za ka yi ba. Duk lokacin da wani abu ya motsa ka, ka rubuta mintin da kalma biyu ko uku: "18, kukan uwar", "33, waƙa ba dalili", "52, na duba WhatsApp". Wannan na ƙarshen ya fi sauran amfani. Duk inda hannunka ya kai ga waya ba ka sani ba, a nan fim ɗin ya yi sanyi, kuma idan ka koma wurin daga baya za ka ga abin da ya jawo.

Ka kuma lura da irin kwafin da ka kalla. Fim ɗin da aka tura maka a shagon masu turi, aka matse shi don ya shiga ƙaramin memori, ya bi ta waya biyar ta Xender kafin ya zo hannunka, ba shi ne wanda aka nuna a silima ko aka ɗora a tashar masu shi ba. Matsewa tana cinye hasken fitowar dare, tana daƙushe sauti. Kada ka ɗora wa mai ɗaukar hoto laifin da na mai turi ne.

Mataki na biyu: ka taƙaita labarin a jumla ɗaya

Kafin ka ce uffan ga kowa, ka gwada wannan: wa ke son me, kuma me ya tare masa hanya? A ce, "Wata bazawara tana son ta riƙe 'ya'yanta, dangin mijinta kuma suna son gidan da take ciki." Idan jumlar ta fito cikin sauƙi, labarin yana da ƙashin baya. Idan ka yi ta juyi ka kasa, ko dai ba ka fahimci fim ɗin ba, sai ka sake kallo, ko kuma marubucin ne bai san inda ya dosa ba. Mafi yawan fina-finan da mutane ke cewa "ba kai ba gindi" a nan suke faɗuwa.

In da hali, ka bari ka kwana. Abin da ya rage a ranka da safe shi ne fim ɗin ya ba ka.

Mataki na uku: ka auna shi da mudun da ya zo da shi

Fim ɗin barkwanci, wanda 'yan masana'anta ke kira camama, tambayar farko a kansa ita ce ko ya ba da dariya. Ba za ka zarge shi da rashin zurfin falsafa ba. Fim ɗin soyayya kuwa dole ne ka yarda cewa mutanen nan biyu suna son juna, ba don darakta ya ce suna so ba. Fim ɗin da ya ce na tarihi ne ya ɗauko wa kansa babban kaya: idan aka ce zamanin kafin zuwan Turawa ne, sannan ka hango turken wutar lantarki a bayan fada, ko agogo a hannun dogari, kana da damar ka faɗa.

Akwai bambanci tsakanin "ba na son irin wannan fim" da "wannan fim bai yi kyau ba". Ni kaina ba na jure fim ɗin faɗa mai harbe-harbe, shi ya sa idan zan yi magana a kan irinsa nakan fara da faɗin haka, don kada ƙiyayyata ta shiga rigar hukunci.

Batun kuɗi ma yana nan. Kwatanta fim ɗin da aka ɗauka cikin 'yan kwanaki a gida biyu na haya da abin da ake yi a Amurka ko Koriya zalunci ne. Sai dai akwai abin da ba ya buƙatar kuɗi. Tattaunawa mai ma'ana ba ta cin ko kwabo fiye da marar ma'ana. Rashin kuɗi uzuri ne ga rashin jirgi mai saukar ungulu, amma ba uzuri ba ne ga fitowa uku a jere da ake maimaita magana ɗaya a falo ɗaya.

Mataki na huɗu: ka kai yabo da suka gidan masu su

A nan ne mafi yawanmu muke yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe. Mai kallo fuska yake gani, saboda haka komai jarumi yake ɗora wa. Fim ya yi kyau, jarumi ne. Ya lalace, jarumi ne. Alhali jarumi ɗaya ne kawai daga cikin masu yawa da suke taɓa aikin.

Labari da kalaman da ke fita daga bakin 'yan wasa na marubuci ne. Idan matsalar da aka shafe awa biyu ana fama da ita ta warware don kawai wani malami ko kawu da ba a taɓa gani ba ya shigo ya yi nasiha kowa ya tuba, marubuci za ka tambaya. Haka idan mugu ya shiryu dare ɗaya ba tare da an nuna abin da ya karya masa zuciya ba, ko aka kashe wani da haɗarin mota don an rasa yadda za a yi da shi.

Darakta, wato mai ba da umarni, shi ke da alhakin yadda aka faɗi labarin: inda aka ajiye kyamara, tsawon fitowa, yadda 'yan wasa ke motsi da kallon juna. Idan ka ga jaruma ɗaya ta yi abin a zo a gani a wani fim, a wannan kuma tana ta ihu ba gaira ba dalili, akwai yiwuwar bambancin daga darakta ne. Ga wani gwaji mai sauƙi: ka kashe sautin wata fitowa ka kalle ta. Idan ka gane wa ke fushi, wa ke tsoro, wa ke ɓoye wani abu, darakta da 'yan wasansa sun yi aiki. Idan mutum biyu kawai ka gani a kan kujera suna motsa baki, to wasan rediyo aka ɗauka da kyamara.

Shi ɗan wasa, abin dubawa a wurinsa shi ne ko ka manta da sunansa na gaskiya yayin da kake kallo. Ka kalli fuskarsa lokacin da wani ne ke magana, ba shi ba. Gwani yana sauraro, fuskarsa tana amsawa. Wanda bai ƙware ba jira yake a zo kansa ya sauke haddarsa. Kuma don Allah a raba mutum da rawar da ya taka. Idan ka ji kamar ka shaƙe wanda ya fito a mugun miji ko wadda ta fito a muguwar uwar miji, yabo suka cancanta, don aikin da aka ba su ke nan.

Sauti na mai sauti ne da wanda ya haɗa shi a situdiyo. Murya tana hawa tana sauka tsakanin mutum biyu a ɗaki ɗaya, ƙarar janareto a bayan magana, kiɗan tausayi da ya danne abin da ake faɗa: duk ka rubuta mintinsu. Waƙa kuwa mamin jarumai suke yi, wato bin ta da motsa baki, muryar ta mawaƙi ce, saboda haka idan ta yi daɗi ka nemi sunan mawaƙin a rubutun ƙarshen fim ka yaba masa. Tambayar da ta shafi fim ɗin ita ce: idan aka cire waƙar, labarin zai rasa wani abu?

Sai mai tace hoto da mai kula da ci gaban fitowa. Mace ta fita daga ɗaki da jan mayafi ta iso tsakar gida da shuɗi. Kofin shayi ya cika, ya koma rabi, ya sake cika. An ce shekara 10 ta wuce amma wayar hannun jarumi ba ta canja ba. Irin waɗannan suna da daɗin kamawa, amma kada su zama su ne sharhin gaba ɗaya. Wanda bai ga komai a fim ba sai canjin mayafi, farauta ya je, ba kallo ba.

Shi furodusa shi ya nemo kuɗi ya tara mutanen. Idan ka ga attajirin da aka ce ya mallaki rabin gari yana zaune a falon da labulensa bai kai ƙasa ba, ko aka cusa tallan wani kaya a tsakiyar fitowar makoki, a ƙofarsa za ka ajiye ƙorafin.

Ka saba da tsayawa ka karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshe. Mutanen nan da wuya wani ya ambace su, kuma sharhin da ya kira mai ɗaukar hoto da aikinsa ya fi saurin isa kunnen masana'anta.

Mataki na biyar: maganar tarbiyya da al'ada

Ba yadda za a yi ka yi sharhin fim ɗin Hausa ka tsallake wannan, don ita ce tambayar da jama'a suka fi yi: "Wane darasi ya koyar?" Jihar Kano ma tun 2001 take da Hukumar Tace Fina-finai saboda wannan damuwar. Tambaya ce mai kyau, amma tana da tarko biyu.

Na farko, nuna abu daban, tallata shi daban. Fim ɗin da ya nuna ɗan shaye-shaye yana lalacewa a gaban iyayensa bai koyar da shaye-shaye ba. Ka duba yadda aka nuna abin, da inda labarin ya kai mai yin sa, da kuma ko kyamara tana ƙawata shi ne ko tana tona shi. Na biyu, kyakkyawan saƙo ba ya wanke mummunan aiki. Fim na iya yin wa'azi daga farko har ƙarshe ya kuma zama abin gundura. Ka faɗi duka biyun: saƙon ya yi, isar da shi bai yi ba.

Idan za ka ce "wannan ba al'adarmu ba ce", ka fayyace. Al'adar ina? Bikin Kano ba shi ne na Sakkwato ba, na Damagaram ba shi ne na zangon Kumasi ba, kuma gidan ɗan boko a Abuja ba ya tafiya kamar gidan gandu a ƙauye. Suka mai amfani ita ce mai cewa, "A gidan sarauta irin wanda aka nuna, ba a shiga gaban sarki da takalmi," ko "Amarya ba za ta kira surukinta da sunansa ba." Wannan ana iya dubawa a gyara.

Haka zargin wankiya, wato kwafo labarin wani fim na waje. Idan ka ce an wanko, ka kawo sunan fim ɗin asali da fitowa biyu ko uku da suka yi daidai. Talaka ya so 'yar mai kuɗi ba mallakin Indiya ba ne, yana cikin tatsuniyoyinmu tun kafin a ƙera kyamara.

Tunda an ambaci Indiya: idan fassara ka kalla, ka tuna aiki biyu ne a gabanka. Akwai fim ɗin, akwai mai fassarar. Sau da yawa dariyar da ka sha ta mai fassara ce, shi ya sa wa ɗan wasa karin maganar Kano a baki. Kuma ba duk fim ɗin Indiya ne na Mumbai ba. Da yawa daga cikin na faɗa da ake fassarawa daga kudancin ƙasar suke, na harshen Telugu daga Hyderabad ko na Tamil daga Chennai, kuma salonsu ya bambanta.

Mataki na shida: ka tsara maganar

Ka fara da hukuncinka, kada ka ja rai. Sannan sunan fim, wanda ya ba da umarni, inda ka kalla. Sai jumlar nan ɗaya ta labari. Daga nan ka ɗauko abu biyu ko uku kacal daga takardarka, waɗanda suka fi nauyi, kowanne da fitowar da ke tabbatar da shi. Ka rufe da wanda fim ɗin zai dace da shi: a kalla da yara ko a'a, ya cancanci kuɗin tikiti ko a jira ya zo waya.

Dubi bambancin waɗannan biyun. Wani ya rubuta: "Fim ɗin ya yi kyau sosai, jarumar ta yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira." Wani kuma: "Rabin farko ya riƙe ni. Fitowar da bazawarar ke ƙirga kuɗin cefane a gaban ƙanin mijinta, ba ta ce komai ba amma hannunta na rawa, ita ce mafi ƙarfi a fim ɗin. Bayan minti na 50 sai labarin ya koma kan soyayyar 'yarta, aka manta da rigimar gidan har kusan ƙarshe." Na farko addu'a ce, kuma ba laifi a yi ta. Na biyu shi ne wanda mai shirin kallo da mai shirya fim duka za su ƙaru da shi.

Kada ka kwashe labari. Ƙa'idar da nake bi ita ce, abin da ya faru a kashi ɗaya cikin uku na farkon fim halal ne a faɗa, abin da ya biyo baya sai da gargaɗi. Idan dole sai ka taɓa ƙarshen, ka rubuta a sama ƙarara cewa wanda bai kalla ba ya tsaya a nan. A majalisa kuwa tambaya ɗaya ta isa: "Akwai wanda bai gani ba?"

Maki, ko cikin 10 ko taurari biyar, ba dole ba ne. In za ka bayar, ka tsaya a kan ma'auni ɗaya. Wanda kowane fim 9 yake ba shi, makinsa ya daina nufin komai.

Fim mai dogon zango yana da nasa hukunci. Tun da Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014, daga baya kuma furodusoshi suka koma YouTube, yawancin abin da muke kallo kashi-kashi ne, mako-mako. Ka bayyana ko kashi ɗaya kake magana a kai ko zango gaba ɗaya. Tambayar da ta dace da kashi ɗaya ita ce: me ya canja tsakanin farkonsa da ƙarshensa? Idan mutum zai tsallake shi bai rasa komai ba, an ja shi ne don a cika lokaci, kuma ka faɗi haka. Amma kada ka yanke wa labari hukuncin rashin ma'ana a kashi na uku, wataƙila amsar tana na takwas.

Mataki na bakwai: inda za ka saka, da abin da zai biyo baya

Kowane dandali da tsawonsa. A WhatsApp layi huɗu ko biyar sun isa. Facebook yana ɗaukar sakin layi biyar zuwa shida, kuma nan ne aka fi samun masu mayar da martani mai tsawo. A bidiyo, ka faɗi hukuncinka cikin daƙiƙun farko, in ba haka ba an wuce ka. Idan za ka sa guntun fim, ya zama gajere ƙwarai, wanda yake misalta abin da kake faɗa, da sunan masu shi. Ɗora fitowa sukutum satar fasaha ce, kuma YouTube na iya sauke bidiyon ko ya ba tasharka gargaɗi idan masu fim suka kai ƙara. Hoton fosta ya wadatar a mafi yawan lokuta.

Ka tsaya a kan aikin. Auren jaruma, mutuwar aurenta, abin da aka ce an ga jarumi yana yi a wani wuri, babu ɗayansu da ke cikin fim ɗin. Ban da zunubin gulma, ɓata suna laifi ne a doka, kuma a Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ake gurfanar da mutane da ita a kan abin da suka wallafa. "Bai iya fitowar kuka ba" ra'ayi ne. Jingina wa mutum abin da ba ka da shaida a kai wani abu ne daban.

Masoya za su zo. Wasu jarumai suna da rundunar da ko tari ka yi a kan gwaninsu sai an ce hassada ce, ko a ce maka "kai ka yi naka mu gani". Wannan ba ya buƙatar amsa mai tsawo. Ba sai ka iya tuƙa tuwo ba kafin ka gane yana da gudaji. Wanda ya zage ka, ka wuce shi. Wanda ya ce ka yi kuskure kuma ya kawo fitowa, ka koma ka duba. Na taɓa sukar wani fim cewa ba a nuna dalilin da ya sa wata mata ta bar gidan mijinta ba, sai wata baiwar Allah ta rubuto mini, "Malam, koma minti na 12, ka saurari abin da ta faɗa wa ƙanwarta a kicin." Na koma, ga shi nan ƙarara, lokacin na tashi ɗauko caja. Na gyara rubutun a ƙarƙashinsa, na bar kuskuren a sama yadda kowa zai gani.

In kuwa ra'ayinka ya fara samun masu bi, wata rana za a gayyace ka kallon farko kyauta, ko a turo maka ɗan kuɗin data "don ka taimaka wa fim ɗinmu". Karɓa ko ƙi, wannan naka ne. Amma in ka karɓa, ka rubuta a layin farko cewa gayyatarka aka yi, ko talla ce aka biya, kafin ka ce komai a kan fim ɗin.